Kitson Auta

A duk layin, da sunan Mai Kitso aka san ta. Shekara ashirin tana zaune a ƙofar ɗakinta, kan mata tsakanin gwiwoyinta, bakinta kuwa ba hutu. In kika motsa ta dangware ki da mataji, in kika yi ƙorafi ta ce, "To wa ya aike ki ki tara gashi haka?"

Da aka cire mata nonon hagu saboda ciwon daji, magani ya zubar da gashinta kaf, ita ke fara yi wa kanta tsiya: ga mai kitso babu na kitsawa. Aka ce ta warke, amma da sharaɗi: duk wata shida a ɗebi jini, a ɗauki hoto, a lalube hammata.

A zuwa na biyar likita ya daɗe yana kallon hoton ƙirjinta. Ya ce akwai ɗan ɗigo a huhu, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya yi ƙanƙanta a tsakura a gwada.

"Likita, shi ne ya dawo?"

"Ban sani ba tukuna. Ki dawo bayan wata uku mu ga ko ya girma."

"To kafin nan me zan sha? Me zan daina ci?"

"Babu. Jira kawai."

Kai jama'a! Matar da ba ta taɓa zama hannu sake ba, ita aka ce ta jira. Tsoro ya kama ta, kuma ba don kanta ba, don Auta ce, 'yarta mai shekara bakwai.

Ranar Asabar ta kira mijinta, direban babbar mota, ta miƙa masa mataji.

"Baban Auta, zauna. Yau kai za ka yi mata kitso."

"Ni? Haba dai, da waɗannan yatsun?"

"Zauna na ce."

Ya dube ta, ya gane abin da take tsoro, ya zauna. Tsagar ta karkace, ya ja gashin da ƙarfi, yarinyar ta sa kuka.

"Mama, da zafi! Ke ki yi min mana, ai kina nan!"

Mai Kitso ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

"Warware," ta ce wa mijinta. "Sake daga farko."