Jan Biron Malam Isa

Cikin ranakun aikina, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce Litinin ɗin da Alhaji mai maɗaba'armu ya ce Malam Isa Nahuce ya koma gida ya huta. A daminar 1998 ne, muna Sabon Gari a Gusau, sabuwar jiha tana ta zubo mana aiki: jawabai, kalanda, da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci.

Ku yaran yanzu, bari in gaya muku yadda muke yi. Hajiya Rabi ce ke buga rubutu a na'ura, ta fitar da gwaji. Sai mu zauna mu biyu. Ni, mataimakin mai duba rubutu, in riƙe asalin abin da marubuci ya kawo ina karantawa da ƙarfi, har da alamomi: "Babban baƙi, manoma, waƙafi, makiyaya, aya." Malam Isa, babban mai dubawa, yana bin gwajin da jan biro. Na'urar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, da hannu yake sa musu ƙugiya. Masu wucewa sun sha tsayawa a taga su ji ko wa'azi nake yi.

Tun bazara na lura yana kai takarda har bakin hanci. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Bai faɗa ba, ni ma na ja bakina na yi shiru. Sai ga littafin kiwon awaki na wata ƙungiyar mata a Bungudu ya fita, layi guda ya ɓace a shafin magani. Shugabarsu ta dawo mana da shi da kanta.

Alhaji ya kira shi ya ce, "Malam, ka yi muna aiki, Allah shi saka. Amma idon ga ya gaji. Ka tai gida ka huta."

"To, Alhaji," kawai ya ce. Ya ajiye jan biron a teburina, ya fita yana tura kekensa, bai hau ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san aikin nan ne abincin gidansa, shi ne kuma mutuncinsa.

Muka ci gaba ni da Hajiya Rabi. Kama kuskure ba wuya, idona garau yake. Inda muka maƙale shi ne tambayoyin da a da muke jefa wa Malam ba tare da mun san nauyinsu ba. "Ko'ina" a haɗe ne ko a rabe? Sunayen watanni da babban baƙi? Tsohuwar da ta ce "mi kaka so" a cikin labari, a bar mata maganarta ko a mai da ita Hausar Kano? Hajiya ta ce nan, in ce can, har gaisuwar safe ta fara yi mana wuya. Littafin karatun manya na Tsafe ya fito gwaji, shafi ɗaya da salonta, na gaba da nawa.

Na ɗauka na kai wa Alhaji. Na ce, "Ido muna da shi. Mai yanke hukunci muka rasa."

Ya ce, "Sani, wanda bai gani zan ɗauka duba rubutu? Garin ga su yi man dariya?"

"Saurare za shi yi, Alhaji. A gwada da littahin ga. In bai yi ba, ni ma ka sallame ni." Cikin zafin kai na faɗa, amma ya yarda a gwada.

Na sami Malam a zaurensa a Nahuce. Ya ce, "Tausaina kuka ji?"

Na ce, "Kasawa muka yi, Malam."

Sai ya nemi hularsa.

Muka koma mu uku. Ina karanta gwaji, Hajiya tana bin asali, Malam ya rufe ido yana saurare. Can sai ya ɗaga hannu: "Tsaya. Numfashinka ya ƙare, jimla ba ta ƙare ba. Wanda ka koyon karatu da hurhura ga kai hwa? Sa aya." Maganar tsohuwa ya ce a bar ta yadda ta fito daga bakinta, sauran rubutu a bi daidaitacciyar Hausa. Abin da ya yanke a shafin farko shi muka riƙe har ƙarshe.

Da littafin ya isa Tsafe, malamar ajin ta zo ta ce ɗalibanta sun karanta ba tuntuɓe, ta kawo wani aikin. Alhaji bai sake maganar hutu ba.

A nan na gane aikinmu ba farautar kuskure kaɗai ba ne. Ana bukatar mutum ɗaya da zai tuna da mai karatu, ya yanke magana, a tsaya a kanta. Irin wannan mutum ba ciwon ido ke raba shi da sana'arsa ba.

Bayan girbi aka yi wa Malam aikin ido, ido ɗaya ya buɗe. Ranar da ya dawo da tabarau mai kauri, na tura masa jan bironsa cikin murna. Ya turo mini shi, ya ce, "Riƙe abinka." Ya cire tabarau ya ajiye, ya rufe ido, ya ce, "Karanta."