Jitar da Kawu Ya Fesa a Dudunni

Jiya ɗiyata ta buɗe kwalbar jan farce a falo, warin ya doki hancina, na tsaya da rigar da nake ninkewa a hannu. Wari ne mai hawa kai, irin na shagon Kawu a Kankia, shekarar da ya ƙera jita.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, autan kakata da muke kira Iya. Kafinta ne, shagonsa na bakin titi, ta gabansa nake bi in an tashe mu daga firamare. Ni ba mai magana ba ce, shi ya sa yake barina in zauna kan benci ina kallo. Ƙofofi da gadaje yake yi, amma hankalinsa ba ya kansu. Ko yana tsakiyar goge katako, da motar Kano ta wuce sai ya ɗaga kai ya bi ta da ido har ta ɓace.

Wani malaminmu ɗan kudu, wanda ke jan waƙa a cocinsu, ya kawo masa tsohuwar jita da ta tsage. Kawu ya buɗe cikinta ya duba, ya ce gyara ba zai yi ba, amma zai iya ƙera sabuwa. Malam ya ce in ta yi kyau zai kai wa yayansa mai shagon kayan kiɗa a Kaduna idan an yi hutun ƙarshen shekara, don yana neman mai hannu. Daga ranar Kawu ya daina zama wuri ɗaya. Tsaye yake cin abinci.

Kafin tsakiyar damina ya gama jikinta, bayan da gefen na maɗaci, fuskar farin katako. Saura banish, man da ake fesa wa katako ya yi ƙyalli. Ba shi da injin feshi, sai famfon gwangwani na maganin sauro da ya wanke. Ya gwada a kan guntun katako washegarin wani ruwan sama, muna kallo banish ɗin ya yi fari kamar an zuba nono. Laima ce a iska. Dole ya jira ruwa ya ɗauke, jitar na rataye tsirara a bango, shi yana kai da komo a ƙarƙashinta. Da ruwa ya ɗauke kuma, manyan motoci suka fara watsa ƙasar titi cikin shagon. Sai ya naɗe ta a bargo, ya ɗora ni bayan babur na rungume ta, muka nufi gidan Iya a Dudunni, can ƙasar Kusada, inda ba mota.

Mun tarar an shiga girbi, dammunan gero jibge a bayan gida. Iya ta san abin da jitar take nufi. Ba ta taɓa ce masa kar ya tafi ba. Ta dai dubi abin da ke cikin bargon ta ce, “Auta, wannan ce za ta ɗauke min kai? Ko wuyanta bai kai na taɓaryata ba.” Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da hantsi iska ta kwanta. Ya rataye jitar da waya a rumfar bayan ɗaki, ya ɗaura ƙyalle a hanci. Ina tuna yadda yake fara busa famfon tun kafin ya kai kan katako, ya wuce a hankali, bai tsayawa sai ya fita ɗaya gefen, don in ya tsaya banish zai taru ya zubo kamar hawaye. Maɗacin ya yi ja, zanen itacen ya fito. Na hango fuskata a ciki, siririya, a karkace. Ya ce kar kowa ya matso, ya fita zaure don warin ya sake shi.

Abin da bai lissafa ba, shi kwanciyar iska yake jira, Iya kuwa tashinta take jira. Tun safe ita da matan maƙwabta sun gama sussuka, suna zaune da ƙorai. Da iska ta motsa suka miƙe gaba ɗaya, suka ɗaga ƙorai sama suna shiƙa, yadda suke yi kowace shekara a wuri guda. Ƙaiƙayi ya haye katangar zana. Ina tsaye na ga ƙananan gashinsa suna sauka kan jitar ɗaya bayan ɗaya, suna nutsewa. Na ruga zaure na ja hannun rigar Kawu, amma kafin mu dawo ta zama kamar kumatun da ƙuraje suka feso wa.

Kawu ya dubi jitar. Ya zauna kan turmi, ya tashi, ya zaga rumfar, ya sake zama. Iya ta shigo da ƙwarya a hannu, ta tsaya ta daɗe tana kallo.

“Ta mutu ke nan?” ta tambaya.

“Sai ta bushe in kankare ta da samfefa, in sake. In ƙaiƙayi ya ƙara sauka, hutu zai zo ban gama ba.”

Na ga Iya tana juya ƙwaryar tsakanin tafukanta. Geronta na nan jibge, tsuntsaye da awaki na jiran sa, kuma ba wanda zai zarge ta in ta ci gaba da aikinta. Ta leƙa ta kan zana ta ce wa matan su kwashe, shiƙa ta koma can gefen gona har sai ta ce. Wata ta yi ƙorafin nisa. Iya ta ce, “Ƙafarki ce ko tawa?” Sannan ta shiga ɗaki ta kwance gidan sauronta, ta jefa wa Kawu. “Sa amaryarka ciki. Ke kuma ƙawata, tunda bakinki ba ya aiki, hannunki ya yi. Yayyafa ruwa a ƙasa.”

Kwanakin da suka biyo baya, ya fesa, ya saki gidan sauron a kanta, ya jira, ya goge, ya sake fesawa. Kowace safiya Iya na fitowa da cizon sauro a goshi, tana ɗaukar gero a ka zuwa gona ba ta kallon rumfar. Ranar da ya ɗaura wayoyin ya kaɗa, kaji suka watse. Iya ta ce garaya ta fi ta daɗi.

Yayan Malam ya yaba jitar, Kawu ya tafi Kaduna bayan hutu, can ya yi aure, can ya yi furfura. Yanzu inji ke sussuka a Dudunni, cikin yini guda an gama, samarin kuma ba sa jiran kowa ya sallame su kafin su hau mota. Bana ɗana na fari ya fara maganar Abuja, ya fara cin abinci a tsaye. Na kwana biyu ina shirya abin da zan ce don in tsayar da shi. Da ya shigo gaida ni, sai na ji ina tambayarsa ko jakar tasa za ta ɗauki bargo.