Ƙurajen Goshin Hure

A wani ƙauye gabas da Tsanyawa an yi wata gwauruwa, Hure mai ƙuli-ƙuli, wadda kusan kowane gida da man gyaɗarta ake miya. Da shekarun fari suka zo, gyaɗa ta ƙi, turminta ya yi shiru.

Mutane suka rame, fata ta yi furu-furu, amma fuskar Hure sai naso take yi kamar yanzu ta tashi daga bakin kasko. Sannan wasu 'yan ƙuraje suka feso mata a goshi, rawaya-rawaya kamar ƙwayar gero, kowanne da ɗan rami a tsaka. Ba zafi, ba ƙaiƙayi.

Yara na ta mutuwa a lokacin. Mata suka fara raɗa cewa duk ranar da aka binne yaro, sai sabon ƙurji ya fito mata. In ta iso rijiya hira ta ɗauke ke nan, sai ƙarar guga.

Ran kasuwa ta nuna wa malamin asibiti. Ya ce, "Inna, wannan ba ciwo ba ne. Hanyoyin maiƙon fata ne suka kumbura. Ba ya kisa, ba a ɗauka." Ta dawo ta faɗa, ba wanda ya yarda.

Sai Huseina, 'yar maƙwabciyarta Safara'u, ta kwanta zazzaɓi, tana sambatu tana kiran sunan Hure. Da rana tsaka aka shimfiɗe ta a ƙofar gida, gari ya taru. Safara'u ta durƙusa ta ce, "Yaya Hure, don Allah ki tsallake ta, ki sakar mini kurwarta."

Hure ta san in yarinyar ta tashi, maita ta tabbata a kanta. In ta mutu, a ce ita ta cinye ta. Ta tattare zani, ta yi bisimilla ta tsallake, tana roƙon Allah ya tashe ta duk da haka.

Kafin la'asar Huseina ta nemi kunu.

Damina ta dawo, amma ba wanda ya ƙara cin abin hannun Hure. Ta tsufa a nan, ana ajiye mata hatsi a bakin danga. Huseina kaɗai ke shiga, ita ce ma ta yi mata wankan gawa. In aka tambaye ta abin da ta gani ranar da aka tsallake ta, sai ta ce ita dai ta san akwai hannu mai sanyi da ya riƙe mata ƙafa, kuma ba na Hure ba ne.