Binciken da Aka Yi wa Ɗana Mai Tare Layi

Ɗana na fari da girmansa ya zo duniya. A unguwar Sparkbrook ya taso, a flat ɗinmu na saman shagon wani mai sayar da yadi, kuma tun yana firamare nake sayo masa wando a ɓangaren manya. Mahaifinsa ya rasu yana sakandare, saboda haka duk abin da ya same shi daga nan, ni ce a gaba.

Da ya shiga uni a nan Birmingham, wasu samari suka tare shi a wurin cin abinci suka ce wannan jiki ba na zama ba ne, ya zo ya gwada ƙwallon Amurka. Ba ta ƙafa da muka sani ba. Wannan mai siffar gwanda ce, da hannu ake jefa ta, kowa da hular kwano a kai. Aikinsa shi da wasu ƙarti huɗu shi ne su duƙa a gaba su zama katanga, kada kowa ya kai ga mai jefa ƙwallon da ke bayansu.

Wasan farko da na je, da ƙawayena uku na tafi, matan ɗaliban da suka zo karatu daga gida, da fulas ɗin shayi da ƙosai a leda. Muna ta rawar sanyi ba mu gane komai ba, sai alƙalin wasa ya jefa wani ƙyalle ruwan ɗorawa, aka kira lambar ɗana a lasifika. Ƙawata 'yar Zariya ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, mu kuma muka tashi da tafi. Can an jima aka sake kira, ta sake rangaɗawa. Turawan da ke gefenmu har da juyowa.

Da aka tashi ya zo yana huci, hular a hannu.

"Mama, don Allah ku daina. Laifi na yi."

"Laifin me? Da kunnena na ji an kira ka."

"Ba a kiran irinmu sai mun riƙe rigar mutum, ko mun motsa kafin lokaci," in ji shi da karyayyar Hausarsa ta Birmingham. "Ranar da ba ki ji ni ba, ranar na yi aiki."

'Yar Zariya ta ce, "To wannan wace irin sana'a ce, a yi maka guɗa ka ce a daina?" Ta cusa masa ƙosai a hannu.

Daga nan na koyi kallo. Duk Lahadi da rana yakan kawo kwamfutarsa teburin kicin, ina tuƙa tuwo yana mayar da hoton wasansu baya. Ya hana ni bin ƙwallo da ido, ya ce ƙafafu zan duba. A lokacin nake zuwa ajin manya na council, wato ƙaramar hukuma, ina koyon karatu, da furfurata da komai, sai ya zama abin da mutane ke rubutawa a kansa a intanet shi ne darasina. Ina bi da yatsa a hankali. Wasu su ce bango ne, wasu su ce nauyi ya yi masa yawa. Ina kewar waɗannan Lahadin ƙwarai. Tagar kicin ta yi gumi, miyar kuka na tafasa, shi kuma yana ture min firij da kafaɗa wai yana nuna min yadda ake tare mutum.

Bayan ya gama karatu wani kulob a Jamus ya ɗauke shi, kwantiragin kakar wasa ɗaya, da ɗaki da abinci da albashin da ba zai sa kowa hassada ba. A wannan shekarar ya ga yarinyar da yake so, 'yar Whalley Range a Manchester. Mahaifinta da sukolashif ya zo daga gida, ya zauna yana koyarwa, kowa Malam yake ce masa. Ƙanin mijina ya je aka gaisa, suka ce za su yi bincike kamar yadda aka saba. Sallarsa da halinsa ba su sami abin cewa ba. Sana'ar ce suka ba wani ɗan ɗan'uwan Malam, mai digiri na uku, ya duba. Ya zauna ya kalli wasa guda daga farko har ƙarshe, ya kai rahoto cewa yaron nan bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba, ba a ambace shi ba, da alama cika layi kawai yake yi.

Uwar yarinyar ce ta kira ni. "Hajiya, Malam ya ce a ɗan dakata."

Na san abin da dakatawa take nufi a bakin mutanenmu. Ɗana ya daina cin abinci, kuma duk wanda ya san shi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba al'ada ba ce uwar ango ta je da ƙafarta, na sani. Na ɗauki mayafina da kwamfutar na hau bas zuwa Manchester.

Gidansu irin manyan gidajen nan ne da aka yanka flat-flat. Malam ya karɓe ni a falo, matarsa a gefe. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

Na ce, "Malam, wasan da aka kalla muku, shi ne mafi kyau da ya yi a bana."

"Hajiya, an ce ko ƙwallon bai taɓa ba."

"Da ya taɓa ta da an ci shi tara. Ga shi nan, mu kalla. Amma ka rabu da ƙwallon, ka dubi wancan siririn na baya mai jefawa. Rigarsa za ka duba."

Ya gyara tabarau. An yi ruwa ranar wasan, kowa ya yi dumu-dumu da laka, amma rigar siririn fara tas. Malam ya daɗe yana kallo, ya sa na mayar masa baya.

"To aibinsa fa? Uwa ba ta ganin aibi."

"Wannan uwar tana gani. Ƙafarsa ta hagu tana da nawa. In aka haɗa shi da mai sauri ta wannan gefen, yakan riƙe riga. Kociyansa ya sani, shi ya sa ba su ƙara masa albashi ba, amma sun ce ya sake sa hannu. Ba zai je Amurka ba, ba zai yi arziki ba. Wanda ya ce maka zai yi, ƙarya yake yi."

Matarsa ta rufe baki da mayafi tana dariya. Malam bai yi dariya ba.

"Na yarda ya iya aikinsa. Amma ina kallon yadda suke gwara kawuna, Hajiya. Kullum haka? Gwiwoyin nan da ke ɗauke da wannan jiki, shekara nawa za su yi? 'Yata za ta zauna da shi bayan wasa ya ƙare, ba kulob ba."

Abin da nake kwana da shi ke nan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Malam ya ce ya ba ɗana 'yar tasa, amma da sharaɗi: ya buga kaka ɗaya ta ƙarshe, ya dawo gida ya nemi aikin da ba a sa masa hular kwano. A bas na dawo ina jin haushin mutumin ina kuma sa masa albarka.

Na kira ɗana na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Mama, kin gaya masa maganar ƙafar hagu?"

"Na gaya masa."

"Haba Mama!"

"Gara ya ji a bakina. Me ka zaɓa?"

Ya buga kakar, ya dawo, aka ɗaura aure a Manchester bayan ƙaramar salla. Yanzu yana koyar da motsa jiki a wata sakandare a unguwar Lozells a nan Birmingham, gwiwar dama tana yi masa ƙara in zai yi sujada. Na taɓa tambayarsa ko yana nadama. Ya ce yana kewar wasan kamar me, amma da za a sake ba shi zaɓi, abin da ya ɗauka zai sake ɗauka. Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce ya daina surutu ya zo ya karɓi 'yarsu, hannunta ya gaji.