Ƙwan Zabbin Turai

Turai ta Rimawa, tun shekarar da anka datse gulbi anka yi dam ɗin Goronyo take bandar kifi. Miji biyu ta binne, ɗiya takwas ta raina, kuma ba ta taɓa yarda wani ya fi ta sanin awo ba. In babba ya sha ƙwayar magani guda, yaro a karya mai rabi, kowa ya kama gabansa.

Sai jikanyarta Sabuwa, 'yar shekara huɗu, ta yi ƙari a ciki. Anka kai ta asibiti Sakkwato, anka ce ciwon daji na. Likita ya dubi takardar jininta ya ce a dakata da magani. Turai ta nuna mai wata mata 'yar Achida da ake ɗura ma maganin a gadon kusa, ta ce a ɗiba ma Sabuwa rabi mana.

Likitan, wanda Turai ta girme ma uwarsa, ya ce ba haka ake yi ba. A cikin jini akwai abin da nama da ƙwai ke ginawa, shi ke riƙe maganin yana sakinsa kaɗan-kaɗan kamar ƙofar dam. Na yaro ba daidai da na babba ba na, na Sabuwa kuwa ya yi ƙasa ƙwarai. In anka sa mata yanzu, maganin zai bi jikinta a sake ya yi ɓarna. Ya tambayi mi yarinyar ke ci.

A gidan Turai kifi na kasuwa na, ƙwai kuwa ba a ba yaro, kar ya tashi ɓarawo. Likita ya ja takarda ya rubuta a riƙa ba Sabuwa ƙwai, Turai ta ce:

"Ɗana, shekara nawa ka yi boko, ka ƙare ga rubuta ƙwai?"

"Da yawa, Inna. Biyu kullum, da kifi."

Ta koma Rimawa ta bi zabbinta har cikin ciyawa. Maƙwabta sunka fara tsegumi, ta tambaye su, ɗiyansu da ba su taɓa lasar ƙwai ba, wa ke tone mata albasa a fadama?

Bayan mako uku anka sake gwada jinin, anka rataya ma Sabuwa ruwan maganin. Kwana biyu tana amai, Turai na zaune bakin gadon ko goro ba ta ci. Ran na uku yarinyar ta buɗe ido ta ce a ba ta ƙwai, da yaji. Turai ta ce mata makwaɗaiciya, ta fita neman inda za ta hura wuta.