Kalmar da Gwaggo Ta Zaɓa

A zuri'armu ta Ƙofar Atiku, idan aka yi rasuwa, ƙanwar mahaifina ake aikawa ta kai labari. Gwaggo muke ce mata. Malama ce mai karantar da matan unguwa a tsakar gidanta, ba ta da yawan magana.

Na riga na fara rubuta gajerun labarai lokacin da ɗan baffanmu, mai fataucin shanu zuwa kudu, ya gamu da ajalinsa a hatsarin mota. Matarsa tana unguwar Gidan Igwai da tsohon ciki. Gwaggo ta ce in raka ta, muka tari keke napep.

A hanya na ga leɓɓanta suna motsi, na ɗauka tasbihi take yi. Da na kasa kunne, ashe kalmomi take gwadawa. "Ya mutu." Ta girgiza kai. "Ya rasu." Ta sake girgiza kai. "A'a, wagga ma tana da kaihi ga mai ciki."

Na ce, "Gwaggo, ai duk ɗaya ne."

"Ga wanda yat tahi ɗaya na," in ji ta. "Ita mai ji hwa? Abin da nic ce mata yau, shi za ta riƙa ji har ta tsuhwa."

Mun tarar da matar tana tankaɗe. Gwaggo ta karɓe rariyar ta ajiye, ta zaunar da ita a tabarma, ta riƙe hannuwanta da garin da ke jikinsu.

"Ɗiyata, kwanan mijinki sun cika. Ba a rage mai ko guda ba."

Matar ta yi salati, ta kifa kai a cinyar Gwaggo ta yi kuka mai yawa, amma ba ta yanke jiki ta faɗi ba. Bayan ta haihu, ranar suna, na ji tana amsa wa masu yi mata gaisuwa, "Kwanansa ne suka cika," da irin muryar da aka faɗa mata.

Tun daga lokacin nake son kalmar cika. Da ita muke cewa randa ta cika, wata ya cika, mutum ya cika alkawari. Na bi labaraina ina sa ta duk inda mutuwa ta fito.

Wata ranar Juma'a na karanta wa Gwaggo ɗaya daga ciki, inda wani mutum ke ba da labarin rasuwar maƙwabcinsa da suka daɗe suna gaba. Da na zo inda ya ce kwanansa sun cika, ta tsayar da ni.

"Wanga mai magana yana son mamacin?"

Na ce a'a.

"To mi yas sa kika ara mai bakina? Bar shi ya ce ya mutu."

Na soke layin a gabanta, ta ce in ci gaba da karatu.