Ni Filaya, Ita Allura

Ranar wata Asabar, a hutun da na gama aji huɗu, aka kai ni daga Gwandu zuwa gidan Kawu Bello a Kalgo. Na tarar da shi tsakanin rumbu da turken awaki, yana ɗaure doguwar waya daga darbejiya zuwa kan wata gora. Tsohon malamin makaranta ne, yana da rediyon da ake magana ta cikinsa da mutanen nesa, wannan wayar kuma ita ce eriyarsa.

A ɗaki, tsakanin rediyon da wayar da ke hawa zuwa eriya, akwai ƙaramin akwati mai allura. Kawu ya ce idan tsawon eriya bai dace da mitar da yake magana a kai ba, ƙarfin da ya tura ba ya fita duka, wani yakan dawo ta cikin waya ya gasa rediyon. Akwatin ne ke auna mai fita da mai dawowa. In allura ta tashi akwai gyara, in ta kwanta an dace.

'Yarsa Hauwa, sa'ata, ita ya zaunar a gaban allurar, cikin inuwa. Ni kuwa filaya ya miƙa mini. In sauke waya, in datse kaɗan a kowane gefe daidai wa daida, in ɗaga, in ja da baya kafin ya danna maɓallin magana, ina tsoron kada in wuce wuri. Sai in ji muryarta ta taga, "Baba, ta sauko! Sani, ƙara ragewa, rana ba ta kashe ka!" Shi kuma ya ce, "Madalla, ɗiyata." Wannan madallar nake so, ita ta hana ni jin daɗin tuwo duk hutun. Da na kasa daurewa na roƙi a musanya mu, sai ya girgiza kai. "Hauwa gaggawa gare ta, waya kuwa in an yanke ba ta komawa. Tsoron nan naka shi nika so." Ban ɗauke shi yabo ba, na ɗauki filaya na koma rana.

Yanzu Kawu ya rasu, an sare darbejiyar, kowa da wayarsa a aljihu. Akwatin yana ɗakin Hauwa, filayar tana wurina, ina shafa mata mai kada ta yi tsatsa. Ni na kwantar da allurar nan, amma har yau ban ga kwanciyarta da idona ba.